Rubutun da ke gefen taswira

A karatun taswirorin yaƙi, abin da ya fi zauna mini a rai shi ne ƙananan rubutun da ke can ƙasan takarda, inda ido ba ya saurin kaiwa: yaushe aka auna ƙasar, wa ya auna, yaushe aka sabunta. Malaminmu ba ya barin ɗalibi ya ce uffan a kan taswira sai ya karanta wannan tukuna. Kyawun bugu da launi ba shaida ba ne.

Sojojin Birtaniya sun fahimci haka a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Taswirorinsu na ramukan yaƙi, masu ma'aunin 1:10,000, suna ɗauke da ranar da aka gyara zanen ramukan, domin abokan gaba kan haƙa sabo cikin dare ɗaya, ga masu harba igwa kuma da takardar suke saiti.

Jamusawa kuwa sun ji jiki a 1941. Sun kutsa Tarayyar Sobiyet da taswirori masu nuna hanyoyi, suka tarar yawancinsu ba kwalta. Da ruwan Oktoba ya sauka, motoci da dawaki suka kafe a taɓo. Soja na tsaye cikin laka har gwiwa, takardar hannunsa na cewa a kan titi yake. Sojojin Amurka ma a tsibirin Grenada da ke yankin Karibiyan a 1983 sai da wasunsu suka koma ga taswirar 'yan yawon buɗe ido.

Wanda har yau yake sosa mini rai shi ne na Belgrade, babban birnin Sabiya, a 1999. Jirgin Amurka ya jefa bama-bamai kan ofishin jakadancin Sin, 'yan jarida 3 suka mutu. Amurka ta ce tsohuwar taswira na cikin dalilan kuskuren, Sin ba ta gamsu ba. Ko ma dai yaya ne, makami na zamani bai rufe giɓin tsohon bayani ba.

Duk da haka ina ganin girman taswirar bugawa. A Yaƙin Duniya na Biyu, MI9, wani sashen leƙen asirin sojan Birtaniya, ya buga wasu a kan siliki saboda matuƙan jirgin da aka harbo a ƙasar abokan gaba: ba ta yin ƙara idan an buɗe, ruwa ba ya yaga ta, ana ɗinke ta cikin riga. A yau da ake toshe siginar GPS, mai nuna wuri ta tauraron ɗan adam, a fagen daga, kamar yadda ake gani a Yukiren, rundunoni na ci gaba da koya wa sababbin sojoji aiki da takarda da kamfas, suna gyara abin da ya canza da fensir.