Ƙofar da ke Gindin Jirgi

Kafin mu tashi, saman jirgin ruwan nake zumuɗin gani, da benayensa goma sha wani abu da tagoginsa masu kallon teku. Amma bayan kwana bakwai a Bahar Rum, wurin da ya fi zauna mini a rai wata 'yar ƙofar ƙarfe ce can ƙasa, dab da ruwa, inda ma'aikata biyu ke tsaye da na'urar karanta kati. Ta nan kowa ke fita, ta nan kowa ke dawowa, kuma tana da lokacin rufewa da ba ya duban fuskar kowa.

Ni da yayata muka yi tafiyar. A Cibitabekiya muka shiga, tashar jiragen ruwan birnin Rum, wadda ke da nisan kusan kilomita 80 daga birnin. Muka miƙa akwatuna, muka bi layi zuwa teburin tantancewa. Ma'aikaciyar ta daɗe tana jujjuya fasfon Yaya. Abin da take nema shi ne ko bizarmu ta Shengen, wato yankin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ta shiga sau da yawa ce, domin ɗaya daga cikin zangunanmu, wato Montenegiro, ba ta cikin wannan yanki, kuma wanda ya fita ya dawo Italiya sabuwar shiga ya yi. Da ta gamsu, aka ɗauki hotonmu, aka ba kowa kati. Shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar mutum a bakin ƙofa.

Ba a kwance igiya ba sai da kowane fasinja ya je ya ga wurin taruwarsa na ranar hatsari, aka nuna masa yadda ake ɗaura rigar ceto. Wasu na ta ƙorafin ɓata lokaci. Ni kam ban ga abin ƙorafi ba. Daga wannan tashar jirgin Costa Concordia ya tashi ran 13 ga Janairun 2012, ya bugi dutse a gefen tsibirin Jiliyo a daren, mutum 32 suka rasu, alhali waɗanda suka shiga a ranar ba a kai ga yi musu atisayen ba. Bayan haka ne aka gyara dokar teku, daga 2015 ya zama tilas a yi shi kafin tashi ko nan take bayan an tashi.

Zangon farko Baleta ne, babban birnin Malta, kuma shi ya fi sauƙi. Da asuba na hango wani ƙaramin jirgi ya manne a jikin namu, wani mutum ya kama tsanin igiya ya hau, jiragen biyu na cikin tafiya. Jagoran tasha ke nan, wanda ya san mashigar kamar tafin hannunsa, shi zai tsaya kusa da kyaftin har a ɗaure. Aka shimfiɗa gada, muka nuna kati, na'ura ta yi ƙara, hotonmu ya fito, sai ga mu a ƙasa. Lif mai tsayin mita 58 ya ɗaga mu zuwa lambun Baraka na sama, inda ake harba igwa da tsakar rana. A bakin gadar akwai allo da aka rubuta lokacin da kowa zai kasance a ciki, rabin awa kafin tashi. Yaya ta ce, "Auta, ɗauki hoton allon nan." Na ɗauka, kuma tun daga ranar ba mu sake fita ba sai mun ɗauka.

Santorini ta ƙasar Girka ce ta nuna mana cewa sauka suna ta tara. Tun da dare aka sanar cewa a ƙara awa ɗaya a agogo, don Girka na gaban Italiya da Malta da awa guda. Wanda ya sha'afa da wannan ya riga ya yi asarar awa bai sani ba. Ga shi babban jirgi ba ya matsowa gaɓa a can. Tsibirin bakin wani tsohon dutse ne mai aman wuta, teku ya cike raminsa, zurfin kuwa ya yi yawa, saboda haka jirgi yana tsayawa a tsakiya, ƙananan jiragen mutanen garin su riƙa jigila. Ana karɓar lamba, a zauna har a kira. Waɗanda suka sayi rangadin da jirgi ya shirya su ake fara fitarwa, a kai su tashar Atiniyos inda motoci ke jiransu. Mu masu zaman kanmu sai daga baya.

Ba zan manta da takun nan ɗaya ba, daga dandamalin babban jirgi zuwa ƙaramin. Babban yana tsaye kamar gini, ƙaramin kuwa taguwa na ɗaga shi tana saukewa, ratar da ke tsakani tana buɗewa tana rufewa, ruwa baƙi ƙirin a ƙasa. Yaya na fama da gwiwa. Ma'aikata biyu suka kama ta, kowa ya riƙe damtse ɗaya, ba tafin hannu ba. Idonsu na kan ruwan, ba kanta ba. Suka bar taguwa biyu suka wuce, a ta uku ɗayansu ya ce yanzu, sai ga ta a ciki. Ta zauna tana ta sa musu albarka. Haka suke yi wa ɗaruruwan mutane, safe da yamma.

Garin Fira yana can bisa tsauni, sama da mita 200 daga ruwa. Hanya biyu ce daga tsohuwar tasha: ko wasu 'yan akwatunan ƙarfe shida masu tafiya a kan igiya, kowanne na ɗaukar mutum shida, ko matakala kusan 600 da jakuna da alfadarai ke bi. Hawa bai ba mu wahala ba, cikin 'yan mintuna mun isa. Saukowa ce aiki. Manyan jirage huɗu na ƙirga a ranar, kuma duk mutanensu sun nufo ƙasa a lokaci ɗaya. Mun zo layi saura awa ɗaya da rabi jirgin jigila na ƙarshe ya tashi, muka tarar ya miƙe ya sha kwana har ba a ganin farkonsa. Na tsaya ina lissafi, mutum 36 a kowane zuwa, ga jama'a kamar ƙasa. Minti ashirin muka yi, ko kwanar farko ba mu kai ba.

Yaya ta dube ni ta ce, "Auta, da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Mu bi matakala tun muna da lokacin tafiya a hankali."

Na ce, "Yaya, gwiwarki fa?"

Ta ce, "Kafaɗarka ta isa."

Duwatsun sun sha ƙafa har sun yi santsi, ga kashin dabbobi, ga rana. Duk sa'ad da ayarin alfadarai ya taho sai mu lafe a jikin katanga. Ta dafa ni, muna sauka tana tasbihi, a kowace kwana mu huta, mu leƙa jirginmu can ƙasa, fari fat. Minti arba'in da biyar muka yi. A ƙasa muka iske ma'aikacin jirginmu riƙe da allo, ya miƙo mana ruwan sanyi. Da na'urar ƙofa ta yi ƙararta a kan katin Yaya, sai na ji ƙafafuna sun fara rawa.

Muna ɗaki muka ji ana kiran sunayen mutum biyu a lasifika, a sake, a sake. Na'urar ta nuna sun fita ba su dawo ba. Ƙa'idar ita ce jirgi na jiran rangadin da shi ya shirya, amma wanda ya fita da kansa ya makara, akan bar fasfonsa a hannun wakilin jirgi na tashar, ya bi jirgin zuwa zango na gaba da kuɗin aljihunsa. Lambar wakilin na cikin takardar da ake ajiye mana a ɗaki kullum, shi ya sa ya kamata a fita da ita. Da farko na ga tsaurin ya yi yawa. Da na tuna akwai dubban mutane a ciki, ga tafiyar da aka auna da awa, ga gurbin da aka kama a tashar gaba, sai na fahimta. Duk da haka zuciyata na tare da mutanen nan biyu, kuma na yi hamdala da kiran ya tsaya kafin mu motsa.

A Kotor ta Montenegiro, bayan jirgi ya ratsa mashigar Berige mai ƙunci tsakanin duwatsu, mun zaga tsohon garin mai ganuwa muka dawo da wuri, muka tsaya a bene muna kallon masu kwance igiya. A Tiriyeste ta Italiya muka ƙare, ba a birnin Benis ba, tun da an hana manyan jirage ratsa tsakiyar Benis daga Agustan 2021. Da dare muka ajiye akwatuna a ƙofar ɗaki da alama mai launi, da safe aka kira launinmu. Muka nuna kati na ƙarshe, muka gangara gada. Taku kaɗan muka yi a kan siminti Yaya ta tsaya cik, ta kama hannuna.

"Auta, tsaya tukuna. Ƙasar nan motsi take yi."