Kullen korona da abin da ya yi wa cin abincinmu

Har yanzu in aka tada zancen korona a Katsina abin da mutane suka fi tunawa shi ne kulle da rashin kuɗi da shagunan da suka mutu, amma ni akwai abin da ya daɗe yana ci min rai wanda ban cika jin ana maganarsa ba, wato yadda cin abincin manya ya rikice a lokacin, da yadda muka riƙa bin jikin juna da ido da baki.

Kun dai tuna yadda aka fara. Farkon Afrilun 2020 Gwamna Masari ya sanar cewa wani likita ya rasu a Daura kuma gwaji ya nuna korona ce, ba a jima ba aka kulle Daura, daga baya abin ya iso cikin birni. Makarantu a rufe tun watan Maris, ga azumi ya kama a ƙarshen Afrilu cikin wannan zafin namu, sallah ta zo ba hawa. Wanda sai ya fita yake samun na cefane, mai napep, ɗan garuwa, mai tallan fura, shi yunwa ce ƙarara ta same shi, wannan kowa ya gani. Ni maganar da nake yi ta gidajen da akwai buhun shinkafa a sito ce amma duk da haka cin abincin ya gagara daidaituwa.

Ƙanwata malama ce a wata makarantar kuɗi, ana rufewa albashi ya tsaya. Kullum da dare sai ta zauna jiran alƙaluman da NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, take fitarwa, yau mutum nawa a Katsina, nawa a Kano, ta gama ta koma WhatsApp inda ake turo hotunan maƙabarta, bacci ya ƙi zuwa. Ƙarfe biyun dare sai ka same ta a kicin a tsaye, ko fitila ba ta kunna ba, tana cin ragowar taliya da manja daga cikin tukunya, ba yunwa take ji ba, ita da bakinta ta ce min Yaya wallahi ko ɗanɗanon ba na ji, hannuna ne kawai ba ya tsayawa. Gari na wayewa kunya ta kama ta, ta ce yau ba abin da zai shiga cikinta sai ruwan zafi da lemon tsami, ta wuni a haka jiri na ɗibarta, dare na yi a koma gidan jiya. Da azumi ya wuce ma ta ci gaba da na nafila, kuma ni na san ba lada kaɗai take nema ba, tumbin da ya fito mata take yaƙi da shi. Ta daina ɗaga bidiyo kol, ta cire hotonta a waya.

Maza ma bai bar su ba, sun dai fi iya ɓoyewa. Wani maƙwabcinmu ɗan kasuwa da ke sarin kaya a Kano, da aka hana shiga da fita tsakanin jihohi kayansa suka maƙale ga masu bashi na kira, shi nasa akasin haka ne, loma ɗaya biyu ya ture kwano ya ce abin ya tsaya masa a maƙogwaro. Kafin damina ta yi nisa wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Abin da ya fi ba ni tausayi, maimakon a tambaye shi me ke damunsa sai aka koma tsegumi, wasu su ce koronar ce yake ɓoyewa, wasu su ce suga, wasu ma su kai shi ga ciwon da ba a son faɗa.

Likitoci sun san wannan abin sarai. Fargabar da ta daɗe tana sa jiki ya yi ta fitar da wani sinadari da ake kira kotisol, wani ya buɗe masa ciki ya riƙa kwaɗayin zaƙi da maiƙo, wani kuma tashin hankalin ya toshe masa ci gaba ɗaya, ga rashin bacci shi ma yana ƙara jin yunwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2022 cewa ciwon fargaba da na damuwa sun ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100 a duniya a shekarar farko ta annobar. Mu ma a cikin duniyar muke, sai dai a wajenmu in ka ce damuwa ta hana ka ci ko ta sa ka ci fiye da kima, amsar da za ka fara ji ita ce rashin tawakkali ne.

To sai aka koma kemis. Wadda ta rame a kawo mata sha ka fashe, yawanci kuwa dexamethasone ne a ciki ko maganin buɗe ciki, wannan dexan shi ne wanda masu bincike a Oxford suka gano a watan Yunin 2020 cewa yana rage mutuwa ga masu koronar da ta tsananta har sai an sa musu iska. Magani ne mai ƙarfi na asibiti, amma ’yan mata da matan aure suna haɗiya don kumatu su fito. Abin da ake gani kamar ƙiba kumburi ne da kitse a fuska da ciki, yana tada suga, yana kawo hawan jini, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki, kuma wadda ta daɗe tana sha in ta yanke lokaci guda shi ma haɗari ne, sai likita ya rage mata a hankali. Wadda ta yi ƙiba kuma ga masu tallan shayin rage tumbi a Instagram da status, mafi yawansa gudawa kawai yake sa mutum, ruwan jiki ya ƙare a zaci kitse ne ya tafi.

Bikin farko da muka je bayan an sassauta, tun daga bakin ƙofa aka fara, ke wance haka kika koma, kulle ya karɓe ki, ke kuma lafiya kika tsotse haka ko maigidan ne ba ya riƙe ki. Ana dariya ana tafawa, na san ba da mugunta ba ne, haka muka taso muna gaisawa. Amma ina kallon ƙanwata aka ajiye mata faranti ta rufe shi da leda ta ce ta ƙoshi.

Sai da Umma ta sa baki sannan ta yarda muka je asibiti. Likitar ba ta fara da sikeli ba, tambayarta ta farko ita ce awa nawa kike bacci, sannan wa kike faɗa wa damuwarki. Ta ce ta riƙa cin abinci sau uku a kan lokaci ko da ba ta so, kuma tare da mutanen gida, ta ajiye waya bayan isha'i. An ɗau watanni kafin abin ya lafa, kuma har yau in hankalinta ya tashi takan kira ni da dare ta ce Yaya ina kicin, mu yi ta hira har ta koma ɗaki.