Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Akwati daga murfi yake mutuwa

Makon jiya na tsaya a inda Baffa ya riƙe hannuna ya kai ni warsha, wato shagon ƙira, a Sana'iyya, unguwar masana'antu ta kudancin Jidda. Wasu sun ce in koma kan maganar aurena da 'yar gidan Gwaggo. Za a zo wurin. Yau dai akwatuna goma sha biyu ne suka hana ni barci, sai na sauke su.

Kun san sana'ar Baffa. Tun a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, kafin ya ƙetaro Bahar Maliya, akwatin kwano yake ƙerawa, irin wanda alhazai ke zuba tsaraba. A Makka ma shi ya ci gaba da yi har akwatunan roba masu taya suka kashe kasuwar. Maganarsa ɗaya ce kullum, ko ana cin abinci: "Akwati daga murfi yake mutuwa." Muna yara mun ɗauka zancen tsufa ne. Ranar da ya miƙa ni ga mu'allim, wato shugaban warsha, ma abin da ya faɗa min ke nan a bakin ƙofa, ko addu'a bai ƙara ba.

Abin da muke ƙerawa akwatin ƙarfe ne da ake jera kayan sarrafa lantarki a ciki, wanda ma'aikata ke kira fanel. Faranti mai kaurin milimita 1.5 ko 2 ake yankawa, a huda, a lanƙwasa, a yi walda, a wanke maiƙo, a fesa fentin hoda mai ruwan toka, lamba RAL 7035, sannan a gasa a tanda mai zafin digiri 180 zuwa 200. Shekara biyu na yi ina shara da goge bakin walda kafin a bar ni in taɓa injin lanƙwasa. Can na gane ƙarfe yana miƙewa a wurin lanƙwasa. In ba ka rage wannan a awo ba, ƙofa za ta fito da ƙarin milimita biyu, robar bakin ƙofa ba za ta zauna ba, ƙurar Jidda kuwa ba ta neman ƙofar da ta fi wannan faɗi.

Ni ban yi jami'a ba, kowa ya sani, kuma an sha goranta min. Amma lambar IP, mai nuna yadda akwati ke tare ƙura da ruwa, a bakin injin na koye ta: lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP54 yana jure watsin ruwa, IP55 yana jure feshin tiyo, IP65 ƙura ba ta shiga ko kaɗan. Duk wannan alkawari a kan robar bakin ƙofa da ramukan kebul yake rataye. Wato dai murfi. Baffa bai taɓa jin sunan IEC 60529, takardar ƙa'idar IP, ba har ya koma ga Allah, amma abin da ke cikin takardar ya riga su faɗa.

Shekarun da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu. Aiki, gida, sabunta iƙama (takardar izinin zama), haihuwa.

A 2009 aka kawo mana odar akwatuna 12 na injinan turo ruwa, za a kafa su a jikin bango a waje, a wani rukunin gidaje gabas da babban titi. Lokacin ni ke fitar da zanen yanka. Na sa musu rumfa mai gangare a sama, na sa faranti na shigar kebul a ƙasa, kamar yadda ake yi wa duk akwatin da zai kwana a fili. Sai muhandis, wato injiniyan ɗan kwangila, ya zo. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi ƙasarsa ba, yana da 'ya'ya. Ya ce kebul daga sama yake saukowa, zagayowa ƙasa asarar waya ce, a huda sama, a cire rumfa.

Na ce, "Ustaz, ruwa bin waya yake yi. In ta shiga ta sama, da shi za ta shiga."

Ya dubi mu'allim, bai dube ni ba. Ya ce yaushe aka fara ruwa a Jidda, kuma yaushe mai lanƙwasa ya fara koya wa muhandis aiki. Akwai wata kalma da ya ƙara wadda duk Bahaushen da ya tashi a ƙasar nan ya san ta, ba sai na rubuta ba.

Mu'allim mutumin kirki ne amma ba ya son rasa ciniki. Ya raba gardama: akwati ya fita yadda na zana, abin da suka yi da shi a can ruwansu. Haka aka yi. Suka kai wurin, suka kwance rumfunan, suka huda saman da abin huda bayan an gama fenti, suka bar bakin ƙarfe tsirara. A garin da iskar teku ke ɗauke da gishiri, wannan kaɗai ya isa tsatsa ta fara ci. Shi ya sa na bakin teku muke yi da ƙarfe mara tsatsa lamba 316, don 304 ma yana yin tabo a can.

Na tuna wata rana ina ɗan shekara tara, Baffa ya mare ni a unguwar Misfala ta Makka don na zauna a kan murfin akwatin wani alhaji ɗan Katsina kafin a kai masa. Bai lotsa ba ma. Iya ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Marin nan ban yafe shi ba sai ranar da na ga hoton waɗancan ramuka.

Ranar Laraba 25 ga Nuwamba 2009, alhazai na Mina, aka yi ruwan da Jidda ba za ta manta ba. Unguwar Guwaiza ta nutse, mutane sama da 100 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Ina jin kunyar kawo maganar akwati kusa da wannan, amma tarihina nake ba ku. Ambaliya ba ta kai tsayin akwatunanmu ba, a daidai ƙirji aka kafa su. Ruwan sama ne ya bi kebul ya sauka ciki, kai tsaye kan na'urar da ke sarrafa gudun injin. Tara cikin sha biyu suka ƙone.

Ɗan kwangila ya rubuto cewa robar ƙofarmu ce ta yi yoyo. Na je da kaina, na buɗe ɗaya a gaban kowa. Roba a bushe take ƙayau, layin tsatsa kuwa ga shi ya taso daga ramin sama ya gangaro bayan faranti kamar hawaye. Muhandis bai zo ba. Duk da haka aka yi sulhu irin na 'yan kasuwa, warsha ta ɗauki rabin asara, ni kuma aka yanke min albashin wata guda don a nuna an hukunta wani. Watan da matata ke da cikin Auta ke nan. Yaya ne ya biya mana haya, kuma har yau in mun saɓa sai ya tuna min.

Baffa yana kwance lokacin, ƙafa ta ƙi. Na zauna a bakin katifarsa na ba shi labari tun daga farko, ina jira ya ce an zalunce ni. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai ka sa hannu aka fitar da su?" Na ce ni ne. Ya ce, "To ka san hannun da za ka miƙa wa murfi." Ya juya bango. Na fita raina a ɓace, don a ganina ya goyi bayan bare.

Kwafin zanen nan yana cikin akwatin kwanon da ya bar min, tare da takardar yanke albashin. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda muka sake haɗuwa da muhandis ɗin bayan shekara shida, shi yana neman wanda zai ƙera masa akwati 40 cikin kwana goma, ni kuma ina zaune a kujerar mu'allim.