Wasiƙa daga Jidda: Bindigar da ake ce wa ta roba

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida.

Ina gaishe ku daga Jidda, inda zafi da laimar teku suka haɗa kai suna dafa mu. Makon jiya ƙanena ya turo mini wani saƙon murya ta WhatsApp daga Kano, wai an ƙera ƙaramar bindiga ta roba zalla, wadda za a wuce da ita filin jirgi na'ura ba ta ce uffan ba. Ya ce, "Yaya, kai da kake narka roba, gaskiya ne?" Shekara 11 ke nan ina aiki a wata masana'anta a nan, muna zuba bokitai da kujeru da murafen jarkoki. Bindiga kuwa ban taɓa riƙewa ba, kuma a ƙasar nan ba abin da baƙo zai kusanta ba ne. Amma tunda zancen ya taɓo sana'ata, bari in amsa a bainar jama'a.

Wannan jita-jita ta girmi ƙanen nawa. Kafin mu kai gare ta, ga asalin abin.

Tun 1959 kamfanin Remington na Amurka ya fitar da doguwar bindiga mai suna Nylon 66, wadda ƙotarta ta roba ce. A 1970 Jamusawan Heckler & Koch suka yi VP70, ƙaramar bindiga ta farko mai gangar jikin roba da ta shiga kasuwa. Tana cin harsashi 18, sai dai kunamarta tauri gare ta, mutane ba su yi na'am da ita ba. Su suka riga kowa, wani ya ci ribar.

Wanin nan shi ne Gaston Glock, injiniya ɗan Ostiriya, haifaffen 1929. Ƙaramin kamfani gare shi a Deutsch-Wagram, kusa da Biyana, babban birnin ƙasar, yana ƙera sandunan rataya labule, daga baya ya sami kwangilar yi wa sojoji wuƙaƙe. A 1980 sojojin ƙasar suka fara neman abin da zai gaji tsohuwar Walther P38 da suke riƙe da ita, ƙirar zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Mutumin bai taɓa ƙera bindiga ba. Mukan ce rashin sani ya fi dare duhu, amma shi a wajensa ya zama alheri: ba shi da tsofaffin injunan da zai ji tausayin zubarwa, ba shi da al'adar gidan da zai kare. Abin da ya iya shi ne zubin roba. Ya tara masana ya saurare su, ya fito da Glock 17 mai cin harsashi 17, sassanta duka ba su kai 40 ba. A 1982 ta doke manyan kamfanoni, sojoji suka karɓe ta da sunan P80.

Nan ne nake so ku tsaya da ni, domin nan na fi sani. Idan Bahaushe ya ce "roba", bokitin da ya kwana biyu a rana ya tsage yake nufi. To, roba dangi-dangi ce. Wadda muke zuba bokiti da ita daban, ta jikin bindigar nan daban: dangin nailan ce mai jure zafi da mai da duka. Ba ta tsatsa, kuma wanda ya ga yadda iskar gishirin Jidda ke cinye ƙofar ƙarfe ya san darajar wannan. Ba ta da nauyi: Glock 17 ba harsashi tana wajen giram 700, alhali Beretta 92 mai jikin alminiyam ta kusa kilo guda. Tana kuma ɗan lanƙwasawa idan an harba, sai ta shanye wani abu daga cikin bugun da hannu zai sha.

Sai babban sirrin, wato kuɗi. Jikin ƙarfe sai an ɗora shi a inji an yi ta sassaƙa ɗaya bayan ɗaya. Na roba kuwa mazubin ne mai tsada. Da zarar an mallake shi, narkakkiyar roba ake turawa da ƙarfi, ta huce, a buɗe, ga kaya, na dubu daidai yake da na farko. Yadda muke fitar da kujeru ke nan, bambancin kawai su kuskuren da bai kai kaurin gashi ba ma ba sa yafewa.

Amma galibin robar a mariƙi da gangar ƙasa take. Bututun ƙarfe ne, saman da ke ja da baya ƙarfe ne, haka da yawa daga ƙananan sassan ciki, balle harsashi. Mafi yawan nauyinta ma ƙarfe ne. Na'urar filin jirgi tana ganin ta sarai.

To ina zancen ya samo tushe? A 1986 wani ɗan jaridar Amurka, Jack Anderson, ya rubuta cewa Gaddafi na neman sayen irin bindigogin nan, kuma za su iya kuɓuce wa masu bincike. Hankali ya tashi, har a 1988 Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar hana duk bindigar da na'ura ba ta iya ganowa. Dokar ba ta shafi Glock ba, tunda ana ganin ta. Abin da ta samu shi ne talla kyauta, daidai lokacin da 'yan sandan Amurka ke ajiye libarba mai harsashi 6.

Daga nan kowa ya bi sahu. Smith & Wesson suka yi Sigma a 1994, kamanninta da Glock suka yi yawa har kamfanin Glock ya kai su kotu. Sojojin Birtaniya suka koma Glock 17 a 2013, na Amurka suka zaɓi SIG Sauer P320 a 2017. Maƙwabtanmu na Abu Dabi ma suna da tasu, Caracal. Wadda ta fi kusa da abin da saƙon muryar ke faɗa ita ce Liberator, da wani Ba'amurke ya ƙera ta da na'urar ɗab'i ta 3D, mai gina kaya da roba, a 2013, ita ma harsashi ɗaya take ci, kuma harsashin dai ƙarfe ne.

Abu ɗaya bai kwanta mini ba a ƙirar Glock: ba ta da makullin da ake murɗawa a gefe, tsaron yana cikin kunamar da cikin bindigar. Idan ta faɗi ba ta tashi, amma wanda ya saba ajiye yatsa a kan kunama ba abin da zai tare shi. Shi mai ƙirar ya rasu a Disambar 2023 yana da shekara 94.

Ƙanena, ka daina tura wa mutane saƙon nan. Ka gaida Inna da kyau, ka ce mata idan masu Umara za su taso ta aiko mini da yaji da kuka, amma ta sa a roba mai kauri, wancan na bara a jaka ya fashe.

Wassalam,
ɗan uwanku a Jidda.