Kafin ka canza waya, duba inda kake ajiye ta a mota

Jiya na ga ɗan ƙanwata yana ta zagin wayarsa, wai Google Maps na masa hauka, shuɗin ɗigon nan sai ya tsallaka wani titi daban, har ya fara maganar sayar da ita. Da na leƙa, ashe tana can ƙasa a ramin ajiye kofi kusa da giyar mota. Wallahi kamar ina kallon kaina.

Ni na ma fi shi ɓarna. Na canza waya, na canza layi, na yi ta loda data ina ɗora wa kamfanin sadarwa laifi alhali ba ruwansa. Siginar GPS, wadda ke nuna wa waya inda take, daga taurarin ɗan adam take saukowa, nisan kusan kilomita 20,200, kafin ta iso ta riga ta galabaita, kuma sai waya ta kama aƙalla taurari 4 sannan ta san inda take, ni kuma na cusa ta ƙarƙashin rufin ƙarfe, ga tint ɗin da na sa aka manna min irin mai ƙarfe a ciki wanda shi ma tare sigina yake. To amma a yi min adalci, wa ya gaya min? Mai manna tint bai ce uffan ba. Ko da yake duk sanda na fito daga motar sai ta dawo daidai, da ina da lura ai nan zan gane. Ga wata cajar mota mai arha, sai daga baya na ji irinsu kan fitar da hayaniyar lantarki da ke danne sigina.

Na so in jero muku shawarwari da yawa amma ku ɗin ba karantawa kuke ba. Ɗaga wayar gaban gilashi ta ga sama. Sai dai rana za ta gasa ta har ta rage haske ko ta ɗauke, don haka maƙala ta bakin AC. Eh na san yanzu na ce gilashi, kai ka zaɓa. In a bas kake ko jirgin ƙasa, zauna bakin taga. Buɗe taswira tun kana tsaye, don wayar da ba data kan ɗauki lokaci, cikakken bayanin taurarin sai minti 12 da rabi yake gama saukowa. Kashe tsimin batir, kuma mariƙi mai maganadisu kan rikita kamfas.

Wayoyinku na yanzu har takwarorin GPS irin su GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na China suke kamawa, amma sigina na ɗaukewa a ramin ƙarƙashin ƙasa ko tsakanin dogayen benaye sai ka ga ƙato ya rikice, allon kwatance na gabansa ya kasa ɗaga kai ya karanta. Haba!