Abin da gilashin VR ya nuna min a cikin teku

Mutane in suka ji ana koyar da ilimin teku da gilashin VR, wato wanda in ka sa a ido kake ganin kanka cikin wata duniya da kwamfuta ta zana, sai su ɗauka an samo abin da zai maye gurbin fita a jirgi ne, ni kam ba haka na gani ba a karatuna. In kana kan jirgi fa saman ruwa kawai kake kallo, duk abin da ke faruwa a ƙasa sai dai lambobi a fuskar kwamfuta.

A aji an sha zana mana yadda zafin ruwa yake, sama ɗumi, sai wani tsakani da zafin ke faɗuwa da sauri, can ƙasa kuma sanyi ƙalau. Mun haddace mun ci jarrabawa da shi. Amma sai da na sa gilashin na bi na'urar CTD tana nutsewa, wato mai auna gishiri da zafi da zurfi, haske na ta ja baya har wajen mita 200 ya kusa ƙarewa, a mita 1000 kuwa duhu ne baƙi ƙirin, sannan na gane ashe ruwan nan hawa-hawa yake kamar gidan bene, kowane hawa da nasa sanyin da nasa gishirin. Daga nan maganar ruwan sanyin da ke tasowa a gaɓar Ghana da Kwaddibuwa daga Yuli zuwa Satumba ta zauna min, ruwan ƙasa ne ke hawowa da abinci, shi ya sa masunta ke cika kwalekwale da sadin a lokacin.

Shi kuma AR, wato fasahar da ke ɗora hoto da bayani kan abin da kyamarar waya ke gani, amfaninsa a hannu ne, ka haska waya kan kwalaben Niskin masu ɗebo ruwa ta nuna maka yadda ake ɗana murfin kowace, ka yi ta maimaitawa a ƙasa tunda yini ɗaya na jirgin bincike kuɗi ne masu ciwo, ba wanda zai tsaya jiranka ka tuno.

Jiri da amai da igiya jiƙaƙƙiya mai zamewa dai gilashi bai san su ba, wannan sai jirgi. Amma wallahi da ni ke tsara darasi, 'yan aji ɗaya zan fara sa wa shi kafin a taɓa musu lissafi, musamman irinmu da muka zo daga arewa ba mu taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ba.