Na kulle ƙofa, makullin yana ciki

Ƙarshen makon nan zan miƙa makullin ɗakin na'urori ga wanda zai gaje ni. Kalmomin sirri da jerin kayan aiki na rubuta masa a wata takarda. Wannan kuwa abin da ba ya shiga irin waccan takarda ne.

A shekara huɗun da na yi a nan, ba abin da ya tsaya mini a rai kamar daren da na sabunta manhajar rautar reshenmu na nesa. Reshen ba shi da wata hanyar intanet sai modem na 4G da aka soka wa rautar ta USB. A 2021 ne, OpenWrt, manhajar da rautocinmu (na'urorin raba intanet) ke aiki da ita, ta fito da zubi na 21.02, mu muna kan 19.07. Oga ya karanta labarin wata ɓarakar tsaro, ya ce kafin gari ya waye duk rautoci su koma sabuwa. Na roƙi kwana biyu in gwada tukuna. Ya ce, "Ba akwati ɗaya za ka danna ba, ta riƙe komai?"

Na danna akwatin, wato zaɓin a riƙe saituna yayin sabuntawa. Ta kuwa riƙe saituna, ko ɗaya bai ɓata ba. Abin da ban tsaya na karanta ba shi ne, sysupgrade, manhajar da ke yin sabuntawar, tana adana abin da ke cikin /etc/config ne, da fayilolin da ka lissafa mata a /etc/sysupgrade.conf, da wasu 'yan kaɗan da ta sani. Manhajojin da ka ɗora da hannunka ta opkg, mai ɗora manhajoji, suna zaune ne a wani sashen ma'ajiya da ake kira overlay, shi kuma share shi ake yi fes. Rauta ta farka da cikakken bayanin yadda za ta yi magana da modem, amma babu uqmi mai sarrafa modem, babu direban modem ɗin, babu WireGuard, amintacciyar hanyar da nake bi in shiga daga nesa. Kafin ka sake ɗora su sai da intanet, intanet ɗin kuma sai da su. Na kulle ƙofa da hannuna, makullin yana ciki.

Na zauna ina aika mata ping, saƙon gwada ko tana raye, har kusan asuba, kamar kallon allo zai dawo da ita.

Washegari na kama hanya da kwamfuta da wayar sadarwa. Ko a can wahala ba ta ƙare ba. Tsofaffin direbobin da na adana ba su shiga, domin duk manhajar da sunanta ya fara da kmod ɗaure take da kernel, wato zuciyar tsarin, da aka gina ta dominsa, 19.07 tana kan 4.14, 21.02 kuma 5.4. Sai da na riƙa sauko da fayilolin manhajojin (ipk) ta intanet ɗin wayata, in tura su cikin rautar da umarnin scp, kowanne in ɗora ya ce akwai wani ɗan'uwansa da yake jira. Ma'aikatan reshen na tsaye a kaina, ba mai cewa uffan.

A taron farkon mako oga ya ce, "Yaron nan akwai gaggawa." Bai ambaci kwana biyun da na nema ba, ni ma ban tuna masa ba. Laifi tudu ne. Nawa dai na sani: umarni ɗaya, sysupgrade -l, da ya nuna mini duk abin da za a riƙe, da na gani da idona cewa babu manhaja ko ɗaya a ciki.

Tun daga nan ban sake ɗora hoton manhaja (fayil ɗin tsarin gaba ɗaya) na gama-gari a kan rautar da ba zan iya kai hannu gare ta ba. Nakan gina nawa da Image Builder, in cusa direbobin modem da WireGuard tun a ciki, ta yadda za ta tashi da su. Yanzu ma abin ya yi sauƙi: Attended Sysupgrade, ko owut daga 24.10, suna duba abin da ka ɗora su sa a gina maka hoto mai ɗauke da shi. Ka lura, sysupgrade -k jerin sunayen manhajojin kawai take ajiye maka, ba ta mayar da su.

Sauran gajeru ne. Ɗauki madadin saituna da sysupgrade -b, ka fitar da shi daga rautar. Karanta bayanin fitowar kowane sabon zubi, a 21.02 ne na'urori da yawa suka sauya tsarin saita ramukan wayar sadarwa daga swconfig zuwa DSA, a irinsu tsohon saitin ba ya aiki, sai an sake daga farko. Koyi shiga yanayin ceto ta 192.168.1.1 tun ranar da ba ka buƙatarsa. Umarnin gaggawa kuma, ka nemi a turo maka shi a rubuce.

Bayan wancan dare ban sake rasa rauta ba, ko da yake ba a taɓa faɗin haka a wani taro ba. Rautar gwaji tana cikin durowar ƙasa, irin ta reshen ce sak, wata uku na yi ina bibiya kafin a saye ta. Idan aka ce maka zaman banza take yi, kada ka yarda a mayar da ita sito.